Pandas tana aiki a tamina, amma VS Code ya ce bai san da ita ba a Linux Mint 22

Malamin_Gangare

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina koyar da matasa matakin farko na harshen Python a wata ƙaramar cibiya a nan Jos, kuma kwamfutocinmu tsofaffi ne, mafi yawansu RAM ɗinsu gigabait 4 ne kawai. Da aka dakatar da tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, ga shi kuma kwamfutocin ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai muka mayar da su Linux Mint 22. Tsarin yana tafiya lafiya lau, sai dai matsala guda ta hana mu shiga darasin sarrafa bayanai.

Na ɗora VS Code, wato editan da muke rubuta shiri a cikinsa, daga Software Manager na Mint, na saka masa ƙarin Python tare da Pylance mai nazarin rubutun shiri, sannan na ɗora pandas, laburaren Python na sarrafa bayanai, da umarnin `sudo apt install python3-pandas`. Idan na buɗe taminar tsarin na shiga `python3` na rubuta `import pandas`, babu wani ƙorafi. Amma da zarar na buɗe fayil ɗin a cikin VS Code, sai a ja layi mai ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sunan, da saƙon `Import "pandas" could not be resolved`, idan kuma na danna maɓallin gudanarwa sai ya tsaya da `ModuleNotFoundError`. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne `which python3` yana ba ni amsa ɗaya a wuraren biyu, wato `/usr/bin/python3`. Ta yaya tafinta ɗaya, wato shirin da ke gudanar da rubutun Python, zai ga laburare a nan ya kasa ganinsa a can? Duk mai haske a kan wannan ya taimaka mana, Allah ya saka da alheri.

Dan_Bukuru

Wa'alaikumus salam, Malam. Mafi yawan lokuta wannan yana faruwa ne saboda editan ya zaɓi wani tafinta daban da wanda kake nufi. Ka danna Ctrl+Shift+P, ka nemi `Python: Select Interpreter`, ka zaɓi `/usr/bin/python3` da hannunka, sannan ka rufe editan ka sake buɗe shi.

Malamin_Gangare

Na gode, ɗan'uwa. Wannan shi ne abu na farko da na gwada, kuma tafintan da aka zaɓa tun farko shi ne wanda ka ambata. Babu abin da ya canza.

Sadiq_Faringada

Malam, ka buɗe taminar da ke cikin editan ka rubuta `pip install pandas`. Idan ya ƙi ya ce maka `externally-managed-environment`, ka ƙara `--break-system-packages` a ƙarshen umarnin. Haka nake yi a tawa kwamfutar kuma ban taɓa ganin illarsa ba.

Hajiya_Debian

Sadiq, ina roƙonka ka daina ba mutane wannan shawarar, musamman wanda ke kula da kwamfutocin da yara da yawa ke taɓawa. Wannan gargaɗin ba don a takura wa kowa aka sa shi ba. Ya samo asali ne daga ƙa'idar da ake kira PEP 668, wadda Debian 12 da Ubuntu 23.04 suka fara aiki da ita a shekarar 2023, Mint 22 kuma ya gaje ta domin a kan Ubuntu 24.04 aka gina shi. Dalilinta shi ne, Python ɗin da ke zuwa da tsarin ba na ɗalibai ba ne kaɗai, tsarin kansa yana dogara da shi. Update Manager da Software Manager na Mint duk da Python aka rubuta su. Idan pip, mai sauke laburaren Python, ya ajiye sabon sigar wani laburare a wurin da ake dubawa kafin wanda apt, mai ɗora manhajojin tsarin, ya ɗora, wata rana za ka wayi gari manhajar sabunta tsarin ta ƙi buɗewa, kuma ba za ka tuna abin da ya jawo hakan ba domin an yi watanni da aikata shi. Rashin ganin illa a kwamfutarka zuwa yau ba hujja ba ce.

Hanyar da aka tanada ita ce venv, wato keɓaɓɓiyar folda da ke riƙe laburaren aiki ɗaya ba tare da taɓa na tsarin ba. A ɗora `python3-venv` ta apt, a shiga foldar aikin a rubuta `python3 -m venv .venv`, sannan duk abin da pip zai saka ya tsaya a cikinta. Sai dai ina shakkar ko wannan ne asalin matsalar Malam, tun da ya ce ta apt ya ɗora pandas, kuma abin da apt ya ɗora kowane edita ya kamata ya gan shi.

Injiniya_Wuse

Hajiya ta faɗi daidai a kan pip, ta kuma faɗi daidai da ta ce matsalar tana wani wuri. Kalma ɗaya ce ta ja hankalina a bayanin Malam, ita ce Software Manager. Malam, kafin a ci gaba da hasashe, ka buɗe taminar cikin editan, ba ta tsarin ba, ka rubuta waɗannan ka kawo mana amsar kowanne: `apt --version`, sai `cat /etc/os-release`, sai `ls /.flatpak-info`. Ka kuma gudanar da `python3 -c "import sys; print(sys.path)"` a taminonin biyu ka kwatanta.

Malamin_Gangare

Injiniya, abin mamaki. Na farko ya ce `apt: command not found`. Na biyu bai ambaci Linux Mint ba ko kaɗan, ya rubuta Freedesktop SDK. Fayil na uku yana nan. A na huɗu kuwa, taminar tsarin ta lissafo `/usr/lib/python3/dist-packages`, ta cikin editan ba ta lissafo shi ba. Yanzu na tuna cewa da na nemi VS Code a Software Manager bai fito ba, sai da na kunna zaɓin nuna manhajojin Flatpak da ba a tantance ba.

Injiniya_Wuse

To, an gano bakin zaren. VS Code ɗin da ke kwamfutarka na Flatpak ne, daga rumbun Flathub, kuma ba Microsoft ce ke haɗa wannan ƙunshin ba, masu sa kai ne suke ɗauko editan su naɗe shi, shi ya sa Mint 22 ke ɓoye shi har sai an nema. VS Code ba ya cikin rumbun apt na Ubuntu, Mint kuma ya toshe Snap tun fitowar Mint 20 a 2020, don haka na Flatpak ne kaɗai Software Manager zai iya nuna maka.

Yadda Flatpak ke aiki shi ne, kowace manhaja tana gudana a cikin akwatinta, kuma a cikin akwatin ana maye gurbin foldar `/usr` gaba ɗaya da wata daban wadda ta zo da ginshiƙin Freedesktop. Saboda haka `/usr/bin/python3` na cikin editan da `/usr/bin/python3` na tsarin suna ɗaya ne kawai suke da shi, amma fayiloli ne biyu mabambanta, kamar gidaje biyu masu lamba ɗaya a unguwanni daban-daban. Wannan ne ya sa `which` ya yaudare ka, shawarar Dan_Bukuru kuma ba ta yi aiki ba duk da cewa ita ce daidai a mafi yawan lokuta. Debian da 'ya'yanta suna ajiye abin da apt ya ɗora na Python a `dist-packages`, Python ɗin cikin akwati kuwa bai san da wannan foldar ba. Pylance yana tambayar tafintan da aka zaɓa ne inda laburarensa suke, tafintan ya ba shi jerin da babu pandas a ciki, shi kuma ya ja layi.

Shawarata ita ce mafi sauƙi. Ka cire na Flatpak, ka sauke fayil ɗin `.deb` daga shafin VS Code na hukuma sau ɗaya, ka zuba shi a filashi, ka zagaya da shi kwamfutocin kana ɗorawa da `sudo apt install ./` haɗe da sunan fayil ɗin. Wannan yana gudana kai tsaye a kan tsarin, duk abin da tamina ta gani shi ma zai gani.

Dan_Bukuru

Allah ya ƙara basira, Injiniya. Amma tambaya nake yi: tun da Flatpak yana nuna foldar `/usr` ta tsarin a `/run/host/usr`, me zai hana Malam ya ƙara `/run/host/usr/lib/python3/dist-packages` a cikin saitin `python.analysis.extraPaths`, ya huta da cirewa da sake ɗorawa?

Injiniya_Wuse

Layin zai ɓace, amma shirin ba zai gudana ba. Wannan saitin na Pylance ne kaɗai, yana gaya masa inda zai leƙa idan yana nazarin rubutu, ba ya shafar tafintan da zai gudanar da shirin. Idan kuma ka tilasta wa tafintan ta hanyar `PYTHONPATH`, za ka ci karo da wata katangar, domin pandas da numpy suna da sassan da aka rubuta da C aka harhaɗa su don takamaiman sigar Python da laburaren tsarin Ubuntu, waɗanda babu tabbacin samunsu a cikin akwatin. A ajin koyo wannan ya fi matsalar farko muni, domin editan zai nuna wa yaro komai daidai ne, shirin kuma ya faɗi.

Nanret_Rayfield

Ina gaishe ku duka. Ban yarda cewa cire Flatpak shi ne mafita ɗaya tilo ba, kuma ina ganin ana saurin ɗora masa laifi a kan abin da aka ƙera shi ya yi. Ni da shi nake aiki a Fedora, kuma Python yana tafiya mini daidai. Sharaɗin kawai shi ne a ƙirƙiri venv ɗin daga taminar cikin editan, a saka pandas da pip a can, ta yadda tafintan da laburarensa duk za su zama na cikin akwati. Ga wanda ke buƙatar umarnin tsarin daga cikin editan kuma akwai `flatpak-spawn --host bash`, ana iya mayar da shi taminar dindindin a cikin saiti. A cibiyar koyarwa ma wannan ya fi dacewa, domin ɗalibi ba zai iya lalata tsarin daga cikin editan ba.

Hajiya_Debian

Malama Nanret, sashen farko na maganarki gaskiya ne, amma na ƙarshe yana buƙatar gyara. Ki rubuta `flatpak info --show-permissions com.visualstudio.code` ki duba. An ba wannan ƙunshin izinin ganin fayilolin kwamfutar, an kuma ba shi izinin aika umarni zuwa tsarin, wanda da shi ne `flatpak-spawn --host` ɗin da kika ambata yake aiki. Akwatin da ake fita daga cikinsa da umarni ɗaya ba zai tsare kowa ba. Abin da ke kare tsarin daga ɗalibi shi ne a buɗe masa asusun da ba shi da ikon `sudo`, kuma wannan yana aiki ko da wane irin edita aka ɗora.

Akwai kuma abin da ke jiran venv ɗin cikin akwati a gaba. Ginshiƙin Freedesktop yana fitar da sabon babban siga kowane watan Agusta, shi ya sa sunayensa suke 23.08 da 24.08. Ranar da masu haɗa ƙunshin suka koma sabon ginshiƙi mai ɗauke da sabon sigar Python, venv ɗin da aka yi a da zai daina ganin laburarensa, domin suna cikin folda mai ɗauke da lambar tsohon sigar. A kwamfutar mutum ɗaya wannan aikin ɗan lokaci ne. A aji guda kuwa darasin ranar ne ya tafi, ga kuɗin data na sake sauke komai.

Nanret_Rayfield

Na karɓi gyaran a kan izini, Hajiya. Amma maganar karyewar venv ba ta Flatpak ba ce kaɗai. Mint 21 yana da Python 3.10, Mint 22 yana da 3.12, duk wanda ya ɗaga tsarinsa daga wancan zuwa wannan ya sake gina venv ɗinsa. Bambancin kawai shi ne wancan kai ne ke zaɓar ranarsa. Game da data kuma akwai magani: a kwamfuta ɗaya a gudanar da `pip download pandas -d kaya`, a kwafi foldar a filashi, a sauran kwamfutocin a rubuta `pip install --no-index --find-links kaya pandas`. Abin lura shi ne sigar Python ta zama ɗaya a duka, domin fayilolin suna ɗauke da alama irin `cp312` kuma ba sa shiga wani sigar.

Abu_Kubwa

Ku yi mini afuwa in shigo da tawa, domin ina ganin asalinsu ɗaya. Ni Java nake koyo, a Mint ɗin ni ma, kuma editan yana cewa bai sami JDK, wato kayan harhaɗa shirin Java, ba alhali `java -version` yana amsawa a tamina. Na bi gwajin da Injiniya ya bayar, nawa ma Freedesktop SDK ya rubuta.

Injiniya_Wuse

Malam Abu, taka tana iya zama matsala biyu a haɗe. Amsawar `java -version` tana nuna akwai abin gudanar da shirin Java ne kawai, ba ta nuna akwai abin harhaɗa shi ba. Ka gwada `javac -version` a taminar tsarin. Idan babu, to `default-jre` ka ɗora, abin da kake buƙata kuma `default-jdk` ne, wanda a Mint 22 zai ba ka OpenJDK 21. Idan kana da siga fiye da ɗaya, `sudo update-alternatives --config java` zai ba ka damar zaɓa.

Bayan haka sai batun akwatin. Ko ka ɗora JDK ta apt, editan Flatpak ba zai same shi a inda ya saba dubawa ba. Masu zama a kan Flatpak suna ɗora ƙari na musamman irin `org.freedesktop.Sdk.Extension.openjdk21`, su kunna shi da `FLATPAK_ENABLE_SDK_EXT`, kuma dole sigar ƙarin ta dace da sigar ginshiƙin da editan ke kai. Haka abin yake ga Go da Rust da Node, kowanne da ƙarinsa. Yana aiki, ban musa ba, amma ga mai koyo nauyi ne a kan nauyi, shi ya sa nake nanata `.deb`.

Mai_Yancin_Manhaja

Ina bin zancen tun farko, kuma akwai abin da ba a taɓo ba. Malam ya bar Windows ya dawo buɗaɗɗen tsari, amma shawarar da ake ba shi ita ce ya ɗora edita mai lasisin kamfani. Rubutun asalin VS Code a buɗe yake ƙarƙashin lasisin MIT, amma wanda ake saukewa daga shafin Microsoft yana da nasa lasisin daban kuma yana tattara bayanan amfani sai an kashe. Pylance kuwa rufaffe ne, lasisinsa bai yarda a yi amfani da shi a wajen manhajojin Microsoft ba. Akwai VSCodium, wanda aka gina daga rubutun asali ɗaya ba tare da waɗannan ba, yana ɗauko ƙarinsa daga rumbun Open VSX da Gidauniyar Eclipse ke kula da shi. A can ana amfani da Jedi ko basedpyright a madadin Pylance, na biyun kuma reshe ne na Pyright, buɗaɗɗen injin da Pylance kansa ke zaune a kai.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ƙa'idar LSP da aka fitar a 2016, wadda ta raba edita da sabar harshe. Editan yana nuna rubutu ne kawai, wani shiri daban ke nazarin harshen ya aiko masa da sakamako. Don haka sabar da ke aiki a VS Code tana iya aiki a Kate ko Neovim ko Emacs. Ya kamata a koya wa yara wannan tun da wuri, kada su taso suna zaton Python da VS Code abu ɗaya ne.

Hajiya_Debian

Ina tare da kai a aƙida, amma kada a rikita Malam. Idan ya ɗora VSCodium daga Software Manager, na Flatpak zai sake samu, kuma zai dawo mana da wannan tambayar da wani saƙon kuskure daban. Matsalarsa ta yau ba ta lasisi ba ce. Duk wanda ya zaɓa a cikin biyun, ya ɗauki `.deb` ɗinsa.

Malama_Unguwar_Rogo

Ni malamar makaranta ce, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne gigabait 4 ɗin da Malam ya ambata a farko, wanda har yanzu babu wanda ya koma kansa. VS Code da VSCodium duk a kan Electron aka gina su, wato kusan burauza ce cikakkiya, ga sabar harshe tana cin nata rabon a gefe, ga yaro ya buɗe Firefox yana duba darasi. Ga masu farawa ina amfani da Thonny, wanda aka ƙirƙira a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya musamman don koyarwa, kuma shi ke zuwa a cikin tsarin Raspberry Pi. Yana cikin rumbun apt, `sudo apt install thonny` ya wadatar, kuma da yake Python ɗin tsarin yake amfani da shi, zai ga pandas ɗin da Malam ya riga ya ɗora ba tare da wani saiti ba. Yana nuna wa yaro yadda ƙimar kowane suna ke canzawa layi bayan layi, wanda a ganina ya fi cikon kalma amfani ga wanda bai gama fahimtar madauki ba.

Sadiq_Faringada

Malama, Thonny yana da kyau, amma babu inda za a ɗauki mutum aiki a ce ya buɗe Thonny. Gara yaro ya saba da abin da zai tarar a wurin aiki tun yanzu.

Malama_Unguwar_Rogo

Wanda ya fahimci harshen zai koyi sabon edita cikin ɗan lokaci, Sadiq. Ban ce a hana su VS Code ba, cewa na yi a jinkirta shi zuwa zango na biyu.

Malamin_Gangare

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na cire na Flatpak a kwamfuta ɗaya na ɗora `.deb`, kuma layin ya ɓace, shirin ya gudana, har cikon kalma yana fitowa idan na rubuta `pd.`. Sai dai wata ta ɓullo. Kafin in ga amsar Injiniya na gwada shawarar venv a wata foldar aiki daga taminar tsohon editan. Yanzu idan na buɗe wannan foldar a sabon editan, yana zaɓar `.venv` da kansa, kuma layin ya dawo a nan kaɗai. Sannan saitin da na yi na girman rubutu da launi duk sun ɓace.

Injiniya_Wuse

Dukansu ana tsammaninsu, Malam. venv ba ya ɗauke da cikakken Python a cikinsa, mahaɗi ne kawai da ke nuna tafintan da ya haife shi, tare da ƙaramin fayil mai suna `pyvenv.cfg`. Wanda ka yi a cikin akwati an yi shi ne don Python ɗin akwatin, bugu da ƙari kuma venv a bisa al'ada ba ya leƙa `dist-packages`, don haka ko sabo ne ba zai ga pandas ta apt ba. Ka goge foldar `.venv` ɗin gaba ɗaya, ba ta ɗauke da aikin ɗalibai, ka sake yin ta da `python3 -m venv --system-site-packages .venv`. Wannan zaɓin yana ba ta damar ganin abin da apt ya ɗora, abin da pip zai ƙara kuma ya tsaya a cikinta, ba ka kashe data ko kaɗan ba.

Saitinka yana nan bai ɓace ba, muddin ba ka goge bayanan ba lokacin cirewa. Na Flatpak yana ajiye shi a `~/.var/app/com.visualstudio.code/config/Code/User/settings.json`, na `.deb` kuma yana karantawa daga `~/.config/Code/User/settings.json`. Ka kwafo shi, amma ka duba ciki ka cire duk layin da ya ambaci `flatpak-spawn` ko `/run/host`. Idan ka gama, `flatpak uninstall --unused` zai cire ginshiƙin da babu mai amfani da shi, ya mayar maka da fili mai yawa a faifai.

Nanret_Rayfield

A nan ma ina da ja, Injiniya. `--system-site-packages` yana ceton data, amma yana ɓoye wa ɗalibi abin da shirinsa ya dogara da shi. Zai kai aikinsa wata kwamfutar ya ƙi gudana, bai san dalili ba, domin bai taɓa rubuta pandas a `requirements.txt`, fayil ɗin da ke lissafa laburaren da shiri ke buƙata, ba. Sannan pandas ɗin da ke rumbun Ubuntu 24.04 siga 2.1 ce kuma a nan za ta tsaya tsawon rayuwar tsarin, darussan da yara ke gani a intanet kuwa suna bin sababbi. Ni na fi son venv tsantsa da foldar filashin da na bayyana a sama.

Hajiya_Debian

Tsayawar sigar wuri ɗaya ita ce abin da malami ke so, Malama. Kowace kwamfuta a ajin tana ba da amsa iri ɗaya daga farkon zango har ƙarshensa, kuma abin da mai farawa zai koya, karanta fayil ɗin CSV da tace layuka da haɗa jimla, bai bambanta tsakanin sigogin nan ba. Batun `requirements.txt` darasi ne mai zaman kansa da za a koyar idan lokacinsa ya yi.

Abu_Kubwa

Injiniya, `javac` babu shi kamar yadda ka yi zato. Na ɗora `default-jdk`, na koma `.deb`, saƙon JDK ya tafi. Amma yanzu alamar da ke ƙasan editan tana ta juyawa ba ta tsayawa idan na buɗe aikin Maven, manhajar gina shirin Java, kuma babu cikon kalma.

Injiniya_Wuse

Wannan ba ta da alaƙa da akwati, Malam Abu. A buɗewar farko sabar Java tana sauke duk abin da `pom.xml` ya lissafa zuwa foldar `~/.m2`, kuma idan intanet ɗin yana yankewa tana iya daɗewa a haka. Ka shiga View, ka zaɓi Output, a jerin da ke gefen dama ka zaɓi sashen Java, ka kwafo mana layukan ƙarshe. Ka kuma gaya mana RAM ɗin kwamfutarka nawa ne da abin da `free -h` ya nuna a lokacin da alamar ke juyawa.

Malamin_Gangare

Na sake yin venv ɗin kamar yadda Injiniya ya ce, kuma foldar ta daidaita. A kwamfutoci biyu mafi rauni na ɗora Thonny domin in ga yadda 'yan ajin safe za su karɓe shi. Malama Nanret, idan ba damuwa ki rubuto mana cikakken jerin umarnin foldar filashin, har da yadda ake haɗa matplotlib a ciki, domin manyan ɗalibai za su buƙace ta a darasin zane, kuma ban yanke shawara tsakanin hanyarki da ta Injiniya ba tukuna.